Ranar da jirgi ya ɓace mini

Ina gaida masu zuwa ajin yaƙi da jahilci, da malamansu. Ni ma a irin wannan aji na koyi riƙon alƙalami, ina da gemu, ina da ƴaƴa huɗu. Yau ina so in ba ku labarin wani abu da ya same ni a cikin jirgin sama. Na daɗe ina ɓoye shi don kunya. Yanzu na tsufa, na ga ɓoyon ba shi da amfani ga kowa.

Yadda manomi ya shiga jirgi

Kuna tune da shekarar 2004, lokacin da farin dango suka shigo ƙasarmu. Gero ya kusa nuna suka sauka a kansa. Ni ina cikin mutanen ƙauye da ma'aikatan gidan gona suka koya wa gane ƙwarin amfanin gona. Na san dajinmu tun ina yaro ina kiwo. Na san tuddai, da kwaruruka, da rijiyoyin makiyaya. Ga shi kuma na iya rubuta sunan wuri a takarda. Saboda haka aka ce in riƙa shiga wani ƙaramin jirgi mai kujera huɗu, in nuna inda fari suke kwana, don jiragen feshi su san inda za su nufa.

Matuƙin jirgin ɗan ƙasa ne, saurayi, sa'an ɗana na fari. Yana ce mini Baba, ni kuma ina ce masa ɗana. Ranar farko da muka tashi, na riƙe kujera har yatsuna suka yi ciwo. Bayan kwana uku na saba. Na riƙa ganin garken shanu kamar tururuwa, rumbuna kamar ƙananan tukwane. Na ce masa: "Ɗana, ku kam kun huta. Babu rami, babu jaki, babu wanda zai tare muku hanya." Ya yi dariya ya ce: "Baba, sama tana da faɗi, gaskiya ne. Amma duk jirgin da ya tashi, ƙofa ɗaya zai koma. A bakin ƙofar nan ake cunkoso."

Ban gane maganarsa ba sai ranar da zan ba ku labari.

Abin da ya faru

Ƙarshen kaka ne, hazo ya fara. Mun wuni muna yawo, da la'asar muka kamo hanyar filin jirgin da muke kwana. Rana tana gabanmu, tana dukan ido. Akwai abin ji a kunnuwana, ina jin yaron yana magana da Faransanci da mutumin da ke cikin hasumiya. Hasumiya ita ce dogon benen nan mai gilashi ko'ina, wanda ake ginawa a filin jirgi. A ciki mai ba da hanya yake zama, yana gaya wa kowane jirgi ta inda zai bi.

Yaron ya juyo ya ce mini: "Baba, akwai babban jirgin fasinja da zai sauka. Shi ne a gaba. An ce mu neme shi da ido, in mun gan shi mu bi bayansa." Muka duba. Can sai ya nuna da yatsa. Na ga wani ɗigo a cikin hazo, bai fi ƙwayar gero ba. Ya gaya wa hasumiya ya gan shi.

Daga nan yana bukatar ya duba takardarsa da ma'aunin mai. Ya ce: "Baba, riƙe mini shi da ido. In ya ɓace maka, ka faɗa mini nan take." Na ce: "To, ɗana." Ina taƙama da idona. A garinmu ni ake kira in an hango raƙumi daga nesa, in faɗi ko na wane ne.

Na kafa wa ɗigon ido. Hasken rana ya doki gilashi, hawaye ya zo mini, na ƙifta. Da na buɗe ido, babu ɗigo. Na duba dama, na duba hagu. Hazo kawai.

Ƴan'uwa, ga inda laifina yake. Ban yi magana ba. Na ce a raina yanzu zai sake fitowa. Na ce in na faɗa, yaron nan zai ce idon tsoho ya mutu. Na tuna da kuɗin da ake biyana kowace rana, ga shi fari sun cinye gonata. Na ce in aka sallame ni, me zan kai gida? Ina wannan lissafi, jirage biyu suna matsowa kusa da juna.

Ya ɗago kai ya ce: "Baba, yana ina?"

Na ce: "Ɗana, ya ɓace mini."

Bai tsaya tambayata tun yaushe ba. Ya duba sau ɗaya, bai gan shi ba. Ya danna abin magana, ya gaya wa hasumiya a taƙaice: ba ya ganin babban jirgin yanzu. Mai ba da hanya ya amsa nan da nan. Yaron ya maimaita abin da aka ce masa, ya karkata jirginmu dama har na ga ƙasa ta tagar gefena. Muna cikin juyawa sai ga babban jirgin ta hagu, ɗan ƙasa da mu. Ɗigon ɗazu ya zama dutse. Ina ganin tagoginsa a jere, da ƙafafunsa a sauke. Ya wuce.

Muka yi ta kewaya wani ƙauye har aka ba mu izini. Yaron ya ce ko da hanya ta buɗe, dole a jira minti biyu ko uku. Babban jirgi yana barin guguwa a bayansa, wadda ido ba ya gani, kuma tana iya kifar da ƙaramin jirgi.

Shayin dare

Da muka sauka na ɗauka zai yi mini faɗa. Bai yi ba. Bayan sallar isha'i ya kira ni shan shayi. Ya ce: "Baba, laifin nawa ne kafin ya zama naka. Ni na ce wa hasumiya na gan shi, ni ya kamata in riƙe shi. Na rubuta abin da ya faru, zan miƙa wa manyana, don wani ya ƙaru." Na yi mamaki. Mutum ya kai ƙarar kansa da hannunsa!

Ya ce: "Jirgi ya ɓace wa mutum a sama, wannan ba abin kunya ba ne. Yana ɓace wa wanda ya shekara 30 yana tuƙi. Abin da ke kisa shi ne ya ɓace maka ka yi shiru. Muddin na ce na gan shi, mai ba da hanya ya sauke kayan daga kansa ya ɗora a kaina. Yana can yana tsammani ina gani. In ban ce masa ya ɓace ba, babu mai riƙe da kayan, ni ban riƙe ba, shi bai riƙe ba."

A daren nan ya ba ni labarin San Diyego. Daga baya ɗan ƙanena, wanda ya yi karatun ba da hanya a Yamai, ya ƙara mini bayani, na rubuta a littafina. Ga shi.

San Diyego birni ne a Amurka, a jihar Kaliforniya. Ranar 25 ga Satumba 1978, da safe wajen ƙarfe 9, gari garau, babu hadari babu hazo. Wani babban jirgi ƙirar Boeing 727 yana shirin sauka. A gabansa akwai ƙaramin jirgi ƙirar Cessna, da malami da ɗalibinsa a ciki. Masu ba da hanya suka gaya wa matuƙan babban jirgin akwai ƙarami a gabansu. Suka ce sun gan shi. Aka ce to, su kula da shi da idonsu. Bayan ɗan lokaci ya ɓace musu. Ba su fito fili sun faɗi haka ba. Suka yi wata magana mai harshen damo, cewa suna jin ya wuce ta damansu. A tsakaninsu kuwa suna tambayar juna ko sun rabu da shi. Ashe yana ƙarƙashin hancinsu, inda ba sa iya gani. Shi ma ƙaramin ya ɗan sauya hanyar da aka ba shi, bai faɗa ba. Wata na'ura ta yi ƙara a ɗakin masu ba da hanya, daƙiƙa 19 kafin karon. Mai aikin bai ɗauki mataki ba, don ya san an ce masa ana gani.

Babban jirgin ya sauko a kan ƙaramin. Duka biyu suka faɗa cikin unguwa. Mutum 144 suka mutu: 135 a babban jirgi, 2 a ƙarami, 7 a ƙasa.

Da yaron ya gama, na kasa shanye shayina.

Me ya sa ido kaɗai ba ya isa?

Ku zo mu yi lissafi, tun da mun koya. Kusa da filin sauka, babban jirgi yana iya gudun kilomita 400 a awa. Ƙarami yana yin kamar 200. In suna fuskantar juna, sai a haɗa: 400 da 200 sun zama 600. Kilomita 600 a awa ɗaya, kusan tafiyar Maraɗi zuwa Yamai ke nan. A minti ɗaya kilomita 10. Minti ɗaya daƙiƙa 60 ne. Ashe kowace daƙiƙa 6 suna cinye kilomita ɗaya da ke tsakaninsu.

Hukumar jiragen sama ta Amurka ta auna cewa matuƙi yana bukatar wajen daƙiƙa 12 da rabi kafin ya hangi abu, ya gane jirgi ne, ya gane za su haɗu, ya yanke shawara, ya juya, jirgin kuma ya amsa masa. A cikin wannan ɗan lokaci an cinye fiye da kilomita 2. To, wa ke iya hangen ƙaramin jirgi fari daga kilomita 2 a cikin hazonmu na hunturu?

Akwai abu na biyu, wanda ya fi ba ni tsoro. Idon mutum ya fi saurin kama abin da ke motsi. Duk maharbi ya san haka: zomon da ya lafe ba a ganinsa, sai ya zabura. To, jirgin da za ka yi karo da shi ba ya motsi a gilashinka. Yana nan wuri ɗaya kamar kashin ƙuda, sai dai ya riƙa girma a hankali, daga ƙarshe ya cika gilashin gaba ɗaya. Ku gwada ku gani. In kai da wani kuna tafiya rijiya ɗaya ta hanyoyi biyu, kuma za ku isa tare, kullum a gefe ɗaya za ka riƙa ganinsa, ba ya yin gaba ba ya yin baya. Wanda ka ga yana gilmawa, wannan zai wuce. Wanda ya tsaya cak, shi ne abin tsoro.

Abu na uku, kowane jirgi yana da inda ba ya gani. Mai fiffike a sama, kamar wanda na shiga, ba ya ganin abin da ke bisansa. Mai fiffike a ƙasa ba ya ganin abin da ke ƙarƙashinsa. Babban jirgi kuma hancinsa yana rufe masa abin da ke gaba ta ƙasa. Kamar mai babbar mota ne da yaro ya tsaya dab da gabanta.

Tsarin da aka yi

Saboda haka masu aikin jirage ba su dogara ga ido kaɗai ba. Sun shata sama kamar yadda ake shata burtali tsakanin gonaki.

A kan kowane babban filin jirgi akwai wani yanki na sama da ba a shiga sai da izini. A manyan filaye siffarsa kamar itacen gawo ce: gindi siriri a kan filin, sama kuwa rassa sun bazu da faɗi. Dalili shi ne manyan jirage daga nesa suke fara saukowa, sannu sannu, ta cikin rassan nan har su iso gindi. Ƙaramin jirgi yana iya wucewa ta ƙarƙashin rassan. Amma in zai shiga cikin itacen, sai ya yi sallama ta rediyo: ni ne wane, ina wuri kaza, tsayina kaza, ina nufin wuri kaza. Ba ya shiga sai an amsa masa. Daidai da al'adarmu ce. Ba a faɗa wa gidan mutum babu sallama.

Duk umarnin da mai ba da hanya ya bayar, matuƙi yana maimaita shi da bakinsa. In an ce ya juya dama ya tsaya a tsayi kaza, sai ya ce zai juya dama ya tsaya a tsayi kaza. In ya ji ba daidai ba, a nan za a kama kuskuren. Ba a amsawa da "to" kawai, irin wadda na yi.

In jirage biyu suka fuskanci juna, doka ta ce kowa ya kauce damansa. A tafiya mai nisa kuma, masu nufin gabas da tsayinsu, masu nufin yamma da nasu.

A ƙasarmu masu wannan aiki a manyan filaye ma'aikatan ASECNA ne. Hukuma ce ta ƙasashen Afirka da dama, Nijar tana cikinta. An kafa ta ranar 12 ga Disamba 1959 a Sanluwi ta Senegal, babban ofishinta yana Dakar. Makarantar da ke koyar da masu ba da hanya da masu duban yanayi, EAMAC, a Yamai take tun 1963. Ɗalibai suna zuwa daga ƙasashe da yawa. A can ɗan ƙanena ya yi karatu. Ya ce mini abin da aka fi nanata musu shi ne: in kana shakka, tambaya; in ba ka ji ba, ka ce a sake faɗi.

Akwatin shaida da na'urar gargaɗi

Bayan rediyo akwai wani ƙaramin akwati a cikin jirgi. Ni ina ce masa akwatin shaida, su kuma suna ce masa taransifonda. Na'urar hangen jirage da ke ƙasa, wadda ake kira radar, tana aika tambaya sama, akwatin yana amsawa da kansa. Yana faɗin lambar jirgin mai alƙaluma huɗu, yana kuma faɗin tsayin da jirgin yake. Sai mai ba da hanya ya gan shi a allonsa.

Ga abin da rashin faɗin tsayi ya jawo. Ranar 31 ga Agusta 1986, wani jirgin fasinja na ƙasar Meziko yana saukowa Los Anjalis a Amurka. Wani ƙaramin jirgi ƙirar Piper, da mutum 3 a ciki, ya shiga yankin da ba a shiga sai da izini. Bai yi sallama ba. Akwatinsa kuma irin wanda ba ya faɗin tsayi ne. A daidai lokacin hankalin mai ba da hanya yana kan wani ƙaramin jirgin dabam, wanda shi ma ya shigo babu izini. Suka yi karo a kan garin Seritos. Mutum 82 suka mutu, 15 daga cikinsu a ƙasa suke, a unguwarsu.

Bayan wannan Amurka ta yi dokoki biyu. Ta farko, jirgin da zai yi yawo cikin kilomita 55 daga manyan filayenta, sai yana da akwati mai faɗin tsayi. Ta biyu, manyan jiragen fasinja su ɗauki na'urar gargaɗi, wadda ake kira Tikas. Daga baya dokar jiragen sama ta duniya ma ta wajabta ta ga manyan jirage.

Na'urar gargaɗi ba ta jiran mutumin ƙasa. Tana tambayar akwatunan jiragen da ke kewaye da ita, tana lissafin wanda ke matsowa. In ta ga haɗari, da farko tana yi wa matuƙi magana da murya, cewa ga jirgi nan kusa. In abin ya matso, saura kamar rabin minti, sai ta ba da umarni: hau, ko sauka. In jiragen biyu duk suna da ita, na'urorin suna shiryawa tsakaninsu, ɗaya ya hau ɗaya ya sauka. An koya wa matuƙa su bi umarninta nan take.

Amma ku lura da wannan. Na'urar gargaɗi ba ta ganin jirgin da akwatinsa yake a kashe. Radar mai dogara ga amsar akwati shi ma ba ya ganinsa. Ranar 30 ga Yuli 1998, a Faransa, wani jirgin fasinja mai mutum 14 ya bar hanyarsa ya sauko ƙasa ƙasa a gaɓar Kiberon, don a kalli wani shahararren jirgin ruwa. Akwai ƙaramin Cessna a wurin, akwatinsa ba a kunne ba. Mai ba da hanya bai gan shi a allonsa ba. Suka yi karo, mutum 15 suka mutu, babu wanda ya tsira.

Kuma in jirgi ya sauko ƙasa da mita 300, dab da sauka, na'urar gargaɗi tana daina cewa hau ko sauka, don kada ta tura jirgi cikin ƙasa. A nan an koma ga ido, da kunne, da gaskiyar baki. Ranar 29 ga Janairu 2025, da dare, a Washinton babban birnin Amurka, wani jirgin fasinja yana dab da sauka ya yi karo da jirgin soja mai saukar ungulu a kan kogin Potomak. Tsayinsu wajen mita 90 ne. Sau biyu matuƙan jirgin sojan suka ce wa hasumiya suna ganin jirgin fasinjan. Mutum 67 suka mutu. Da na ji labarin a rediyo, sai na tuna da la'asar ɗin nan ta 2004, jikina ya yi sanyi.

Kada wannan ya sa ku ji tsoron shiga jirgi. Dubban jirage suna tashi suna sauka kowace rana lafiya, manya da ƙanana a fili ɗaya. Alhazanmu suna zuwa Makka suna dawowa. Kowace doka da na lissafa muku, an saye ta da rayukan mutane, shi ya sa masu aikin ba sa wasa da ita.

Abin da ya shafe mu

Wani zai ce: mu da ba mu da ko keke, ina ruwanmu da karon jirage? Ni ma da haka zan ce. Amma tun daga ranar nan na ga abin a ƙofar gidana.

Amalanken shanu da ke hawa kwalta da dare babu fitila, shi ne ƙaramin jirgin da ya kashe akwatinsa. Mai babbar mota ba mugu ba ne, amma ba ya iya kauce wa abin da bai gani ba, kuma ba ya iya tsayawa nan take. Da na dawo gida na sayi cocila, na kuma manna jan abu mai ƙyalli a bayan amalankena. Na ce wa ƴaƴana kada wanda ya hau kwalta da dare sai da su. Ƙarami shi ya fi bukatar a gan shi.

Waɗanda gonakinsu suke kusa da filin jirgi kuma, kada ku ƙone karan gona ko ciyawa a gefen da jirage ke saukowa. Hayaƙi yana ƙara wa hazo kauri, yana rufe idon matuƙi a daidai inda ya fi bukatarsa.

Babban abin da na koya kuwa shi ne faɗin kalmomi uku: ban gani ba. Mu Hausawa muna da kunya, kuma kunya ado ce. Amma akwai inda take zama guba. Likita ya gaya maka yadda za a ba yaro magani, ba ka gane ba, ka ce "to". Ma'aikacin gona ya faɗi awon maganin ƙwari, ba ka riƙe ba, ka ce "to". An ba ka amanar garke, tunkiya ta ɓace tun hantsi, ka yi shiru har magariba kana fatan za ta dawo. Duk wanda ya ji "to" ɗinka ya sauke kayan, yana tsammani ka ɗauka. Ka faɗa da wuri, tun akwai sauran hanya. Matambayi ba ya ɓata.

Ba a sallame ni daga aikin ba. Washegari yaron ya zo da kansa ya ɗauke ni. Muna cikin tafiya ya nuna mini wata ungulu a nesa ya ce: "Baba, riƙe mini ita." Na riƙe. Bayan ɗan lokaci ta shige hazo. Na ɗaga murya na ce: "Ɗana, ta ɓace!" Ya yi dariya har jirgin ya ɗan girgiza, ya ce: "Yauwa Baba, yanzu ka zama abokin tafiya."

Ku ma a ajinku, in malam ya rubuta abu a allo ba ku gane ba, ku ɗaga hannu ku faɗa. Allah ya kiyaye matafiya na sama da na ƙasa. Allah ya tsare gonakinmu daga fari, ya ba mu damina mai albarka. Amin.